Wida, bakin tekun Benin: littattafan da suka tono tarihin wurin, da inda Hausawa suka fito a ciki

Da wuya ka samu gari a jihar Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, wanda ba shi da ɗa a Kwatano. Wani direban kamiyo ne, wani yana fitar da motoci daga tashar jiragen ruwa, wani yana kai albasar Galmi kasuwa, wani kuma ya yi aure a unguwar Zongo har yaransa sun fi jin yaren Fon a kan Hausa. Rufe iyakar Gaya da Malanbil da aka yi a 2023 ma ya ƙara nuna mana yadda tukunyarmu ta dogara da wannan bakin teku. Amma yawancin masu zuwa can, in ka ce musu Wida, sai su ce ai wani gari ne da ake wucewa a hanyar Lome, mai ɗakin macizai.

To, wannan garin da ake wucewa, wanda Turawa ke rubutawa Ouidah, kilomita kamar 40 yamma da Kwatano, shi ne ya riƙe kasuwar wannan gaɓa tun Kwatano ba ta zama komai ba. Kuma hajar da ta fi fita daga cikinsa mutane ce. An rubuta littattafai da dama a kansa, wasu na tarihi, wasu ƙagaggun labarai. Ga bayanin manyansu, da abin da kowanne ya ƙunsa, da inda ya kamata mai karatu ya yi hattara. Sunayen Kano da Katsina suna cikin waɗannan littattafai, shi ya sa maganar ta shafe mu.

Garin kansa, a littafin Robin Law

Duk wanda ke son sanin Wida da gaske, ta kan Robin Law zai bi. Ya koyar da tarihi a jami'ar Stirling ta ƙasar Sikotlan, kuma a 2004 ya fitar da littafi da Ingilishi mai suna Ouidah, wanda ya bi tarihin garin daga 1727 zuwa 1892. Shekarun nan biyu ba a banza ya zaɓe su ba. A 1727 ne sarkin Dahome mai suna Agaja ya ci masarautar Hweda, ya rushe babban birninta Savi, Wida ta koma hannun sarakunan Abome. A 1892 kuma sojojin Faransa suka karɓe ta.

Abu na farko da littafin ke gyara wa mutum shi ne Wida ba a bakin ruwa take daidai ba. Tsakaninta da teku akwai tafiyar kilomita kamar 4, kuma sai an ƙetare wani ruwa mai kwance kamar tafki wanda ya bi gefen teku. Babu wurin da jirgi zai matso ya tsaya. Jiragen Turawa can cikin teku suke jira, sai a ɗora kaya da mutane a kwalekwale a ratsa igiyar ruwa mai tsananin haɗari. Mutanen Wida ba su saba da wannan aiki ba, saboda haka daga yankin da ya zama Ghana a yau ake ɗauko matuƙan kwalekwalen, wasunsu har suka zauna suka kafa unguwa. In kwalekwale ya kife, wanda ke ɗaure ba shi da ta yi.

Faransa da Ingila da Portugal kowacce ta gina ganuwarta a cikin garin. Ta Portugal an gina ta a 1721. Sai dai kada a ɗauka Turawan ne ke mulki. Da izinin sarkin Abome suke zaune, suna biyan haraji, kuma akwai wakilin sarki mai sarautar Yovogan, wato mai kula da Turawa, wanda ba a ciniki sai da saninsa. Turawa na kawo yadi, da bindiga, da albarushi, da giya, da sandunan ƙarfe, da taba daga Brazil, da wuri. Su kuma su tafi da mutane. A lissafin Law, waɗanda aka fitar ta Wida sun haura miliyan 1, kuma a duk Afirka tashar Luwanda ta Angola kaɗai ta fi ta.

Bari mu ɗan tsaya a kan wurin nan. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Katsina da Damagaram, wanda a yau muke gani a jikin layun ƴan kokawa, ba a ƙasarmu ake samunsa ba. Daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kwaso shi, jiragen Turawa su kai shi Turai, sannan su sauke shi a tashoshi irin Wida, daga nan ya haura arewa a hannun fatake. Masana biyu, Jan Hogendorn da Marion Johnson, sun yi littafi guda a kan wannan a 1986.

Abin da ya sa littafin Law ya fi sauran a ganina shi ne bai tsaya ga sarakuna da Turawa ba. Ya bi garin unguwa unguwa, gida gida: ƴan dako, masu gadin bayi, mata masu sayar da abinci, dillalai, bayin gida waɗanda ba a sayar ba. Ya haɗa takardun kamfanonin Turawa da abin da dattawan gidajen Wida suka faɗa, in biyun sun saɓa sai ya nuna inda suka saɓa. Gaskiya karatunsa da nauyi, ba littafin kwanciya barci ba ne. Amma da shi ake auna sauran.

Yadda namu suka isa bakin teku

Mun fi sanin hanyar arewa, wadda ake bi da bayi ta hamada zuwa Tarabulus da Masar. Wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko ya ga fim ɗinsa, ya san ta. Hanyar kudu ce ba a cika maganarta ba. Bayan jihadin 1804, yaƙe-yaƙe sun daɗe tsakanin Sakkwato da Gobir, da Katsina, da Kabi, da Barno. Maraɗi kanta a cikin wannan yaƙi aka haife ta. Kowane ɓangare yana kama na ɗayan, kuma wasu daga cikin kamammun ana sayar da su hannu zuwa hannu ta ƙasar Nufe da ta Yarabawa har su kai Ikko, ko Badagiri, ko Porto Novo, ko Wida. Akwai malamai a cikinsu, akwai manoma, akwai mayaƙa. Akasarinsu jihar Bahiya ta ƙasar Brazil aka kai su.

João José Reis, ɗan Bahiya, shi ya rubuta littafin da aka fi dogara da shi a kan abin da ya same su can. Ya fito da harshen Fotugis a 1986, fassarar Ingilishi ta biyo baya a 1993. Ya nuna cewa Hausawa ne suka jagoranci yunƙurin tawaye na 1807, da na 1809, da na 1814 a Bahiya. Babban tawayen kuwa shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairu 1835 a birnin Salvador, a goman ƙarshe na azumi. Mutum kamar 600 suka fito da fararen riguna da layu, da takubba a hannu. Wata mata da aka ƴanta ce ta kai tsegumi ga hukuma kafin lokacin ya yi, dole suka fito da wuri. Kafin gari ya waye sojojin doki sun murƙushe su, an kashe kamar 70. Daga baya aka harbe 4, aka yi wa da yawa bulala, aka kora wasu zuwa Afirka.

A nan sai mun yi gaskiya, domin na sha jin ana cewa tawayen Hausawa ne. Reis ya nuna cewa a 1835 Yarabawa Musulmi ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, Hausawa kaɗan ne. Sunan da ake kiran ƴan tawayen ma, Male, daga kalmar Yarabanci ta Musulmi ya fito. Amma namu suna nan. Akwai wani Bahaushe da aka ƴanta, mai sayar da taba, wanda takardun kotu suka rubuta da sunan Elesbão do Carmo, ƴan uwansa kuma suna kiransa Dandara, yana koyar da karatu a shagonsa. Da ƴan sanda suka kwaso alluna da takardun Larabci daga gidaje da aljihunan mamata suka rasa mai karanta musu, wani bawa Bahaushe mai suna Albino suka kira. Ka tuna halin da wannan mutum ya shiga. Takardun suna nan har yau a ma'ajiyar tarihi ta Bahiya, kuma yawancinsu ayoyi ne da addu'o'in tsari, irin waɗanda kowane almajiri a Tibiri ko Mirriya zai gane da kallo ɗaya.

Akwai wani ɗan littafi mai ban dariya da ban tausayi a lokaci guda. Francis de Castelnau, ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, ya buga shi a 1851. Shi abin da ya dame shi wai ya gano ko akwai wata al'umma mai wutsiya a tsakiyar Afirka, har ya sa haka a sunan littafin. Sai ya dinga kiran bayi yana tambayarsu. Garin neman masu wutsiya ya rubuta mana labarin mutanen Kano da Katsina da Zazzau da Barno, kowa yana faɗin garinsu, da yaƙin da aka kama shi, da zangon da ya bi har teku.

Wanda ya ba da labarinsa da bakinsa daga farko har ƙarshe kuwa shi ne Mahommah Gardo Baquaqua. A garin Jugu na arewacin Benin aka haife shi, zangon fatake a kan hanyar goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, kuma ya ce mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. An yaudare shi aka sayar, aka gangara da shi bakin teku a yankin Wida wajen 1845, aka kai shi Pernambuko inda ya yi bauta a gidan mai gasa burodi. Daga nan wani mai jirgin ruwa na Rio ya saye shi. A 1847 jirgin ya kai kofi New York, can ya tsere da taimakon masu adawa da bauta. Ya zauna Haiti, ya karɓi addinin Kirista, ya koma Amurka ya yi karatu, a 1854 aka buga tarihinsa a Detroit. Wani Bature mai suna Samuel Moore ne ya shirya masa rubutun, saboda haka ba kowace magana ce tasa ba, musamman inda ake wa'azi. Law da Paul Lovejoy sun sake fitar da shi a 2001 da bayani mai yawa, sun tantance garuruwan da ya ambata. Burinsa shi ne ya koma gida. Ya kai Ingila a 1855 yana neman hanya, kuma takarda ta ƙarshe da ta ambace shi ta 1857 ce.

Juyin mulki ɗaya, marubuta uku

Ƙagaggun labaran da aka yi a kan wannan gaɓa kusan duk suna zagaya abu ɗaya, wato abin da ya faru a 1818. A wannan shekara Gezo ya tumɓuke ɗan uwansa Adandozan daga sarautar Dahome, da taimakon wani ɗan kasuwar bayi daga Brazil mai suna Francisco Félix de Souza, wanda Adandozan ya taɓa ɗaurewa saboda rigimar bashi. Gezo ya saka masa da matsayi a Wida, aka dinga kiransa Chacha, ya zama babban dillalin sarki har ya mutu a 1849. Shi kuwa Adandozan aka goge sunansa daga jerin sarakuna, kamar bai taɓa mulki ba, alhali ya yi shekara 21 a kan gado.

Na farko kuma babba shi ne Doguicimi na Paul Hazoumé, ɗan Porto Novo, malamin makaranta, wanda aka haifa a 1890. Littafin ya fito a Paris a 1938, yana cikin ƙagaggun labaran tarihi na farko da ɗan Afirka ya rubuta da Faransanci. Labarin wata mata ce, matar yarima Toffa, wanda aka kama a yaƙin da Gezo ya kai ƙasar Mahi. Ta ƙi yin shiru, ta fito ta faɗa wa sarki magana a gaban jama'a, aka ɗaure ta. Magajin sarki ya neme ta, ta ƙi. Da ta tabbata mijinta ya mutu sai ta nemi a binne ta da rai tare da ƙoƙon kansa. Labarin ke nan a taƙaice, amma littafin shafi kamar 500 ne, domin Hazoumé ya shekara da shekaru yana zama da dattawan Abome, kuma ya zuba duk abin da ya ji a ciki: yadda ake shawarar yaƙi a fada, yadda ake rantsuwar jini, yadda ake yanka mutane a bikin shekara. Ya buɗe da mai kirarin sarakuna yana zagaya fada da asuba, irin sanƙiranmu, sai dai shi in ya yi tuntuɓen harshe a bakin ransa. Laifin littafin biyu ne. Jawaban mutanensa suna da tsawo har su gundure ka. Sannan a zamanin mulkin mallaka aka rubuta shi, wani babban jami'in Faransa ne ma ya yi masa gabatarwa, to akwai wuraren da ake yabon Faransa yabon da ba ya shiga kunne. Duk da haka, in mutum littafi ɗaya zai karanta ya ga Abome daga ciki, wannan ne.

Na biyu Bature ne ɗan Ingila, Bruce Chatwin, da The Viceroy of Ouidah na 1980. Ya zo Benin da niyyar rubuta tarihin Chacha, sai zuwansa ya faɗa daidai da harin sojojin haya na Bob Denard a Kwatano a Janairun 1977, aka kama shi aka tsare. Daga baya ya fasa tarihin, ya sauya wa mutumin suna zuwa Francisco Manoel da Silva, ya mai da shi ƙagaggen labari. Gajere ne, ana gama shi a yini ɗaya, kuma ya iya zance ba ƙarya. Ya fara da taron zuriyar mutumin a Wida suna addu'ar tunawa da kakansu, baƙaƙe wuluk amma suna alfahari da jinin Brazil. Sai dai bayin da aka sayar ba su da murya a ciki ko kaɗan, sarkin kuma an mai da shi mahaukaci. Bajamushe Werner Herzog ya yi fim da shi a 1987 mai suna Cobra Verde, amma a Ghana ya ɗauki ɓangaren Afirka, ganuwar da ake gani ta Elmina ce.

Na uku shi ne Esclaves, wato bayi, na Kangni Alem ɗan Togo, wanda ya fito a 2009. Shi sai ya juya labarin. A wurinsa Adandozan ne mutumin kirki, sarkin da ya so ya tsai da cinikin bayi, shi ya sa aka haɗa baki aka kawar da shi. Jarumin littafin wani mai kula da tsafin fada ne da ya ci amanar sarki, sannan shi ma aka sayar da shi Brazil, aka sa masa suna Miguel, ya shiga tawaye, ya dawo gida bayan shekaru da nadama. Yana da daɗin karatu, kuma Faransancinsa bai fi ƙarfin wanda ya yi lise ba. Amma a riƙe cewa ƙage ne. Wasiƙun da Adandozan ya aika wa masu mulkin Portugal suna nan a ajiye, kuma a cikinsu neman ƙarin ciniki yake yi. Wannan gargaɗi ya shafi fim ɗin Amurka na 2022, The Woman King, wanda matasanmu suka kalla a waya: rundunar mata ta Dahome gaskiya ce, amma Gezo bai daina sayar da bayi ba don wata jaruma ta ba shi shawara.

Waɗanda suka dawo

Jirgi bai tafi kawai ba, ya kuma dawo. Pierre Verger, Bafaranshe mai ɗaukar hoto wanda ya zauna Salvador daga 1946, ya fitar da wani ƙaton littafi a 1968 mai suna Flux et reflux, wato kai da komo tsakanin gaɓar Benin da Bahiya. Shi ya bayyana dalilin da ya ɗaure wuraren biyu. Bahiya na noman taba, kuma mai ƙarancin daraja wadda doka ta hana a kai Portugal, sai a shafe ta da ruwan rake don kada ta bushe. Wannan tabar mai zaƙi ita ce mutanen Wida suka fi so, har sauran Turawa sai sun saye ta kafin su samu bayi.

Bayan 1835 ƴantattu da yawa sun shiga jirgi sun komo, wasu korarsu aka yi, wasu da kuɗinsu. Kaɗan ne suka kai garuruwansu na asali. Suka zauna a Wida, da Aguwe, da Porto Novo, da Ikko, aka sa musu suna Aguda. Su ne masu sunaye irin su da Silva, d'Almeida, Paraiso. Sun zo da sana'ar gini da kafinta da ɗinki. Duk wanda ya ga babban masallacin Porto Novo ya ce wannan ai coci ne, to hannunsu ne, irin ginin cocin Bahiya suka sani shi suka yi. Sylvanus Olympio, shugaban Togo na farko, daga irin waɗannan gidaje ya fito. Kuma Verger bai ɓoye ba, wasu daga cikin waɗanda suka ɗanɗana bauta suna dawowa suka shiga cinikin bayi, irin su Joaquim d'Almeida na Aguwe.

Marubutan Brazil biyu sun mai da wannan labari. Antonio Olinto a 1969 ya rubuta A Casa da Água, gidan ruwa, labarin wata yarinya Mariana da ta biyo kakarta zuwa Ikko, ta haƙa rijiya ta yi arziki da sayar da ruwa. Ana Maria Gonçalves kuma a 2006 ta fitar da Um defeito de cor, shafi sama da 900, inda wata tsohuwa makauniya mai suna Kehinde, haifaffiyar Savalu wadda aka fitar ta Wida tana ƙarama, take ba ɗanta da aka sayar labarin rayuwarta.

Jirgin ƙarshe

Ingila ta haramta cinikin a 1807, Amurka a 1808, Brazil ta rufe ƙofa da gaske a 1850, amma Wida ta ci gaba a ɓoye har cikin shekarun 1860. A 1860 wani jirgi mai suna Clotilda ya kwashi mutum 110 daga Wida ya shigar da su jihar Alabama ta Amurka a sace, aka ƙona jirgin don a ɓatar da shaida. Cikinsu akwai saurayi mai suna Kossola, wanda rundunar Dahome ta kama da asuba a garinsu. Bayan an ƴanta su sun nemi kuɗin komawa gida ba su samu ba, sai suka sayi fili suka kafa unguwarsu, Africatown. Marubuciya Zora Neale Hurston ta zauna da shi a 1927 da 1931 ta rubuta abin da ya faɗa da irin Ingilishinsa. Masu buga littafi suka ce ta gyara harshen, ta ƙi. Kossola ya mutu a 1935, littafin mai suna Barracoon bai fito ba sai 2018. Shekara ɗaya bayan haka aka tabbatar da gano ragowar jirgin a cikin kogin Mobile. Ɗan ƙarami ne, kuma shi ne ya fi taɓa zuciya a duk waɗanda na lissafa, musamman inda tsohon yake kuka don an kira shi da sunansa na gida.

Abin da mai ziyara zai gani

Da manja ya maye gurbin bayi, Faransa kuma ta gina gadar sauke kaya a Kwatano, sai kasuwa ta bar Wida. A yaƙin 1892 da aka yi da sarki Behanzin ma akwai rundunar da Faransa ta kira ta Hausawa a cikin sojojinta. Portugal ta riƙe ƴar ganuwarta har 1961, aka mai da ita gidan tarihi a 1967. Layin dogo daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, shi ya sa har yau kamiyo ke ƙarasa mana hanya.

A 1994 hukumar UNESCO ta ƙaddamar da shirinta na Hanyar Bayi a Wida, a 1995 aka gina babbar ƙofar nan ta bakin teku da ake kira ƙofar da ba a dawowa. A kan hanyar zuwa wurinta masu yi wa baƙi jagora za su nuna maka inda itacen mantuwa yake, su ce maza na zagaya shi sau 9, mata sau 7, don su manta gida. Labari ne mai ratsa jiki, amma Law ya nuna cewa tsofaffin takardu ba su ambaci wannan itace ba, kuma da yawa daga cikin tashoshin hanyar a shekarun 1990 aka tsara su. Ita hanyar dai ita ce, da ruwan da ake ƙetarewa, da rairayin.

Da Faransanci ake samun Hazoumé, da Kangni Alem, da Verger, da Castelnau. Law, da Chatwin, da Hurston da Ingilishi suke. Tsohon bugun tarihin Baquaqua na 1854 yana intanet kyauta, kuma ɗan siriri ne. Ɗanmu da ke karatu a Kano ko Zariya zai iya karanta wa gida shi a zama biyu, yana fassarawa, a ji yadda ya kwatanta Jugu da kasuwarta da masallacinta.